Ba a Dasa Wa Gwaggo Itace a Filin Aro

Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa, mu kuwa sai haƙuri. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu cikin bazarar nan ana dakon ruwan farko, a ɗakinta a nan Zuru. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi, ta ce a miƙo mata ruwa, ta sha, ta gyara kwanciya. Ko da surukarta ta leƙa da kofin kunu, ta riga ta tafi.

Kafin rana ta yi zafi gida ya cika. Matan zumunta na cocinmu suka zo da zannuwansu iri ɗaya suka kama waƙa. Tsofaffin sojoji, abokan marigayi mijinta, suka jingine sandunansu a bango, kowa yana ba da labarin barikin da ya san ta. Maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Wani ɗan Ibo mai sayar da kayan gini a unguwarmu ya rufe shagonsa, abin da ko ranar Kirsimeti sai an yi da gaske yake yi, ya zo ya tsaya a tsakar gida yana ta girgiza kai.

Amma waɗanda suka karya mini zuciya su ne matan da suka gudo daga ƙauyukan wajen Danko lokacin da 'yan bindiga suka hana su kwana a gidajensu. Su ba su nemi tabarma ba. Suka zarce wajen girki suka kama ɗiban ruwa da hura wuta, suna aiki suna share ido da bakin zane. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta rasa mijinta a gudun ta iso da yara reras, ta kama hannuna a bakin murhu. Ba ta ce mini sannu da haƙuri ba. Tambayata ta yi, bana wa zai roƙa musu fili.

Baƙo zai ce wace irin gaisuwar mutuwa ce wannan. Ni na gane ta. Matan nan ba su da gona a garin nan. Abin da suke sa wa a miya, da ɗan abin da suke kai wa kasuwa, duk daga fulotan mutane yake fitowa, waɗanda masu su suka saya ba su gina ba. Gwaggo ce take aro musu su duk shekara. Mafi girma a ciki, wanda ya fi ɗaukar mata, na wani Alhaji ne mai sayar da hatsi, kuma lokacin roƙon bana ya zo ke nan ta kwanta.

Ranar jana'iza mutum biyu suka yi maganar da ta hana ni sukuni. Na farko wani babba ne daga ofishin da ke kula da filaye. Ya gyara babbar riga ya ce marigayiya ta ba da cikakken haɗin kai ga tsarin aron filaye da ofishinsu ya ɓullo da shi. Surukar Gwaggo da ke kusa da ni ta danne mini gwiwa, don ta san halina. Wai haɗin kai. Matar da ta fara abin tun ba wanda ya san zai yi suna, ita ce yau ta zama mai bin baya.

Na biyu Yaya ne, babban ɗan Gwaggo. Shi ma tsohon soja ne, ya dawo gida da ɗingishi a ƙafar hagu da muryar da ba ta san raɗa ba. Ya yi godiya, sannan ya ce iyali sun yanke shawara za a dasa mangwaro a tsakiyar filin Alhaji, inda uwarsa ta fi shan rana, don matan da ta bari su sami inuwa, jikoki su ci su tuna da ita. Coci ya ɗauki amin, matan zumunta har da guɗa. Ni kuwa na waiga baya na ga matan Danko suna duban juna.

A ƙasarmu itace ba ado ba ne. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce, ko bai faɗa da baki ba. Kowane mai fili a Zuru ya san haka, Bahaushe ne ko ɗan ƙauyukan kan dutse irinmu. In mangwaron nan ya kama ƙasa, Alhaji zai ja katanga, sauran masu filaye su bi sahunsa, matan nan su wayi gari ba inda za su soka iri. Da muka koma gida na faɗa wa Yaya haka. Ya ce in bari a gama makoki kafin in fara karantar da shi, shi ba ɗan ajina ba ne. Ni malamar firamare ce, kuma a gidanmu duk wanda ya rasa amsa da wannan yake jifa na.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ɗaya ya ƙwace mata aikinta a gaban gawarta, ɗaya yana shirin rushe shi don ƙauna. Ni da ta goya ni bayan da mahaifiyata ta rasu, ta yi mini kitso da duka da addu'a, ba zan yi shiru ba.

A kan dutse aka haifi Gwaggo, a wani ƙauye can bayan Mahuta, inda ba a sayen gona, gadon ta ake yi. Mijinta ya yi mata golmo, wato shekarun noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. Yana gamawa ya ajiye fartanya ya shiga soja, kamar yadda mazan ƙasarmu suka saba. Ita kuma ta bi shi bariki bariki, kudu da arewa. Duk inda aka sauke su, kafin ta kwance ƙullin kaya sai ta zaga bayan ɗaki ta duba ƙasa. Ta shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo, alhali ta san canjin wurin aiki ba ya sallama. Sau da yawa ta bar kuɓewa tana fure ta hau motar soja, matar da ta gaji ɗakin ta ci. Ita ma takan iske barkonon wata ta tsinka. Har ta zama magajiya, wato shugabar matan sojoji, kuma sunan ya biyo ta gida ya zauna mata. Hausarta ma ta bariki ce, an tsinto ta nan da can. In ranta ya ɓaci sai ta ajiye ta ta koma C'lela, yarenmu na gado, a nan ne kowa yake shan jinin jikinsa.

Da mijinta ya yi ritaya suka zauna a cikin gari, bai daɗe ba ya rasu. Gida ƙarami, ba wurin da za a kafa ko tushen barkono. Ga gari kuma cike da filaye a kwance. 'Yan kasuwa da ma'aikata da sojojin da ke nesa suna sayen fuloti, su kafa duwatsu a kusurwa, su tafi su bar shi shekara da shekaru. Ciyawa ta fi mutum tsawo, macizai su tare, maƙwabta su mai da shi bola, 'yan shaye-shaye su sami maɓoya. Gwaggo in ta wuce irin wannan wuri sai ta yi tsaki ta ce ƙasa tana jin yunwar iri, mutane suna jin yunwar miya, an sa ciyawa a tsakani.

Da filin Alhaji ta fara, kuma da rigima aka fara. Ta je shagonsa ta gaishe shi ta roƙa, ya ce a'a. Ya ce ya san wannan wasan, yau kuɓewa, gobe rumfa, jibi ɗaki, gata sai a ga juna a gaban alƙali. Ta ce masa ba za ta dasa itace ba, ba za ta zuba siminti ba, ba za ta haƙa rijiya ba. Duk abin da hannu ba zai iya tugewa a wuni ɗaya ba, ba za ta sa masa a fili ba, kuma ranar da ya tashi gini ya zo ya karɓi abinsa. Alhaji ya ce ya sha jin irin wannan daɗin baki.

Da wata ce, da ta haƙura. Gwaggo kuwa ta ɗauki kujerar tsugunno ta kafa a ƙofar shagonsa duk ranar kasuwa. Duk wanda ya zo awon dawa sai ta gaishe shi da kyau, ta tambayi iyali, sannan ta ba shi labarin kububuwar da aka kashe a filin Alhaji, da akuyar da aka sace aka feɗe a cikin ciyawarsa. Ba zagi, ba ɗaga murya. Alhaji ya daure har ya gaji. Ran nan ya fito daga bayan buhuna ya ce mata, "Magajiya, don girman Allah tahi ki noma, ki bar mini ƙofar shago." Ta miƙe ta ɗauki kujerarta ta yi masa godiya kamar shi ya kira ta ya ba ta.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da nake so a riƙe. Da aka yi girbi ta sa aka tuge karare, aka ƙone, aka share filin tas. Ta cika ƙwarya da busasshiyar kuɓewa ta kai masa shago, a gaban mutane, ta ce ga filinsa ta dawo masa da shi. Da bazara ta zagayo sai ta koma ta durƙusa ta sake roƙo, ta maimaita alkawarinta daga farko, kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Haka ta yi ta yi har tsufa. Ni nakan tsokane ta in ce Gwaggo, ke da Alhaji kun zama kamar wa da ƙanwa, har jikokinsa suna cin tuwo a gidanki, wane roƙo kuma ya rage. Sai ta harare ni ta ce, "Ɗiyata, ranar da na daina roƙo, ranar zai fara jin tsorona."

Da rani ma ba ta barin fili ya kwanta. Bayan an share, sai a sake neman izini a yi sussukar dawa a shanya barkono. Da yamma masu ƙosai da masa da awara su kafa 'yan rumfunan zana, yara su buga ƙwallo a gefe. Amma kowace dirka sai Gwaggo ta girgiza ta da hannunta ta tabbatar za ta fita. Ɗan Ibon nan mai kayan gini ya taɓa yi mata tayin tsofaffin kwanon rufi kyauta, don ya ga rana tana dukan matan. Ta karɓa ta yi godiya, ta ce amma a ɗora dutse a kai, ban da ƙusa.

Babbar rigimarta da Fastonmu ta yi, lokacin yana sabon zuwa. Ya ga matan Danko suna taruwa a filin da yamma suna addu'a a kan ƙasa, tausayi ya kama shi. Ya tara dattawan coci aka yarda za a zuba ɗan daɓen siminti a ɗaga bulo kaɗan, wurin zama kawai. Gwaggo ta ji. Ta shiga taron da ba a gayyace ta ba ta ce ba za a zuba ba. Fasto ya ce Mama, ai aikin Allah ne. Ta ce Allah yana da ƙasa da yawa, Alhaji kuwa wannan ɗaya gare shi. Dattawa suka ce ta cika taurin kai, wani ma ya ce tana fifita Musulmi a kan 'yan'uwanta. Wannan maganar ta yi mata zafi, na gani a idonta, amma ko gezau. Damina guda ba su gaisa da Fasto ba. Ba ta fasa zuwa sujada ba kuwa, a layin gaba take zama ta naɗe hannu, don duk sanda ya ɗaga kai daga Littafi ya gan ta. Daga baya shi ya zo gida da kansa, suka sha kunu, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Kada wani ya ɗauka alkawarin nan ba shi da ciwo. Na ga ranar da ya cije ta. Akwai wani fili da ta aro wa mata a wata unguwa, na wani ma'aikaci da ke aiki a nesa. Tsakiyar damina, kuɓewa tana fure, gyaɗa ba ta nuna ba, sai ga shi da motar yashi, ya sami hali zai fara gini. Gwaggo ta roƙe shi ya ɗan jinkirta har a cire amfani. Ya ce magina ba za su jira ba. Mata suka ɗauki fartanya suka tsaya, samarin unguwa suka fara taruwa, wasu suna cewa a kwana nan in ya isa ya sauke yashin. Gwaggo ta ratsa tsakaninsu. Ta sunkuya ta fara tuge nata kunyoyin, tushe bayan tushe, tana jefarwa gefe. Matan suka tsaya suna kallon ta, can suka sunkuya su ma.

Da muka koma gida ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ina jin ta tana kuka tana faɗa da C'lela, kalmomin da ban taɓa sanin ta iya ba. Ni ma haushi ya cika ni, na ce mata ta ƙofa da ta bari an yi ta ta ƙare. Da ta fito ta wanke fuska, sai ta aika aka kira matan da suka yi asara, ta kai su filin Alhaji ta raba musu kunyoyinta na can, ba ta bar wa kanta ko ɗaya ba. Shekarar nan miyarmu ta kuka ce har muka gaji da ganin ta, kuma duk wanda ya yi ƙorafi sai ya sha rankwashi.

Labarin tuge kuɓewar nan ya zaga gari fiye da duk wani wa'azi. Masu filaye suka gane cewa in matar nan ta ce za ta tashi, tashi take yi. Daga nan ta daina bin su, su suka fara aiko mata. Wani ya ce a zo a raba shi da macizai, wani ya ce maƙwabta sun ishe shi da ƙara kan bola. Da gudun hijira ya yi tsanani, mata suka cika gari da yara a baya ba gona ba sana'a, Gwaggo tana da filayen da za ta nuna musu. Ba ta tambayar mace cocin da take zuwa ko masallacin mijinta. Tambayarta ɗaya ce, in an ce ki tashi za ki tashi. In mace ta yi jinkirin amsa sai ta ce ta je ta yi tunani ta dawo.

To, ga yadda ofis ya shigo, tunda an ce su suka ɓullo da abin. Wani matashi mai awon filaye aka fara turowa, ya ce rumfunan da ke wani fili kusa da hanya ba sa cikin tsarin gari, a kwashe. Aikinsa yake yi, ban ga laifinsa ba. Gwaggo ta sa aka kwashe kafin rana ta take, yana tsaye. Damina ta zo ciyawa ta koma, bola ta dawo, maƙwabta suka yi ta sintiri a ofis. Sai ga shi ya zo gidanmu da kansa, ya zauna a kan turmi, ya ce Mama, me kike faɗa wa masu filaye har suke yarda. Ta faɗa masa. Shi ma ya nuna mata abin da ba ta sani ba, inda aka ware don hanya da inda ruwa zai bi, ya ce in an shuka a nan ne ake jawo ambaliya a gidajen mutane. Ta ji, ta hana mata taɓa waɗannan wuraren. Suka zama abokai, har takan ce ɗanta ne na ofis.

Shi ya ɗauki maganar ya kai gaba. Yau in ka je sababbin unguwannin da ake yankawa ta hanyar Dabai, za ka ji ana gaya wa mai fuloti cewa in ba yanzu zai yi gini ba ya ba da aro, kada ya bar shi ya zama daji. Sharuɗɗan da ake faɗa wa mai aro kuwa, ban da itace, ban da siminti, ban da rijiya. Na ji daɗin wannan har raina. Gari ya koyi cewa fili yana iya yin amfani kafin ranar gininsa ta zo, kuma masu tsara gari sun sa shi cikin lissafinsu. Ba na neman a rubuta sunan Gwaggo a allo, ita ma da ta ce a cire kada ya kama ƙasa. Abin da na ƙi shi ne a ce ita ta bi. Matashin nan, wanda yanzu ya fara furfura, yana tsaye a bayan coci ranar jana'iza. Lokacin da maigidansa yake jawabi ƙasa yake kallo.

Yanzu in koma kan mangwaro. Yaya bai saurare ni ba. Na ce a dasa a maƙabarta, ya ce wa zai je maƙabarta shan inuwa. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada ya ɗauki dashen da ya sayo, mai kyau, ɗan aure, matan zumunta suka raka shi da waƙa, aka dasa a tsakiyar filin aka kewaye da ƙaya. Ni ban je ba. Ina gida ina jin waƙar daga nesa, kuma ba zan ɓoye ba, na yi kuka, don na san da zuciya ɗaya suke yi.

Ba a jima ba Alhaji ya zo gidana bayan la'asar, yana dogara sanda. Ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa ne ke riƙe da shagon yanzu. Na shimfiɗa masa tabarma na gaishe shi. Ya sake yi mini ta'aziyya, sannan ya ce:

"Malama, ni na san ba ƙwace kunka nufa ba. Ni da Magajiya mun san juna. Amma ni ma na kusa bin ta, ɗiyana ko ba su san ta yadda na san ta ba. Su icce za su gani. In iccen ga ya zauna, bulo za su kawo, ni kau ba ni iya hana su."

Ya ƙara da cewa masu filaye sun fara tambayar sa ko gaskiya ne abin da suka ji. Na ce Baba Alhaji ku ba ni zuwa gobe.

Da safe kafin in wuce makaranta na ɗauki fartanya na nufi filin. Matan Danko suna can a bakin fili a tsaye cirko-cirko. Lokacin sharar gona ya yi, amma ba wadda ta iya sa hannu, don ba a roƙa ba, kuma ba wadda za ta taɓa abin da ɗan Magajiya ya dasa. Na janye ƙayar. Na yi haƙa mai faɗi don kada in yanke saiwa. Ina ɗago shi da ƙasarsa na ji takun Yaya a bayana, wannan takun da ba a ɓata shi da na kowa.

"Malama," ya ce. Ba ya kira na haka sai ransa ya ɓaci. "Uwata ta share wa garin nan filaye har bayanta ya tanƙware. Nuna mini taki ɗaya da za a ce nata ne."

Na ce, "Babu, Yaya. Ita ta zaɓi haka, kuma da haka matan nan suke ci."

Ya juya ya dube su. Matar nan mai yara ta sunkuyar da kai. Na ɗauka zai ɗaga murya har unguwa ta fito, na kuma shirya masa. Sai kawai ya miƙo hannu biyu ya karɓi dashen daga hannuna, ƙasa tana zuba a kan takalminsa, ya juya ya tafi yana ɗingishi. Ban taɓa ganin bayansa ya yi ƙanƙanta haka ba.

Na cike ramin na daddale shi da ƙafa. Na wanke hannu na wuce shagon Alhaji, lokacin masu awo sun fara taruwa, 'ya'yansa suna tsaye a bakin buhuna. Na durƙusa na gaishe shi na ce aron fili na zo yi. Ya san abin da zan faɗa, amma ya bar ni na faɗe shi duka, a hankali, yadda 'ya'yan za su ji. Da na gama ya dubi babbansu, ya dube ni, ya ce ku tahi ku noma. Ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki, matan sun yi shuka, kuɓewa ta fito.

Yaya har yau ba ya amsa gaisuwata. In na shiga gidan sai ya ƙara muryar rediyo. Matan zumunta wasu sun ce na ci mutuncin mamaciya, na ce su je su faɗa wa Fasto, shi ya san wadda muke magana a kai. Matar Yaya ce ta ja ni bayan ɗaki ta nuna mini mangwaron. Ya sa shi a tsohon bokitin fenti, ya huda ƙasan, ya ajiye a inuwa. Ta ce kullum da safe shi yake ba shi ruwa, ba ya yarda kowa ya taɓa. Ya ce a gonar kakanmu za a dasa shi, can kan dutse inda aka haife ta, ranar da hanya ta yi lafiya mutane suka koma gidajensu. Ba mu san ranar ba. Har ya yi sabon ganye a cikin bokitin.

Ubangiji ya ba Yaya haƙuri, ya huce da ni in ya ga dama. Ya ba matan da ta bari damina mai albarka, ya mai da su ƙauyukansu lafiya. Gwaggo kuma, da ta ƙare rayuwarta tana shuka a ƙasar mutane da kayanta a ɗaure, Allah ya ba ta wurin da ba mai zuwa ya ce ta tashi.